Akta Ba Ya Mutuwa: Tsakanina da Masu Cewa James Bond Ƙarya Ce

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan isha'i, aka kawo wuta, sai na kunna wani tsohon fim na James Bond, The Spy Who Loved Me, wanda ya fito a 1977. Ɗan ƙanwata, saurayi ɗan aji uku a jami'a, ya shigo gaishe ni, ya samu gefen kujera ya zauna. Aka zo wurin da Bond ya afka cikin teku da wata farar mota, motar ta naɗe tayoyinta, ta fito da fukafukai irin na kifi, ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin ruwa. Yaron nan ya yi dariya har da dukan cinya.

"Kawu, ka yi haƙuri, amma wallahi wannan rainin hankali ne. Mota a cikin ruwa? Kuma fim ashirin da biyar, duk labari ɗaya?"

Na ce masa ya bari a gama tukuna. Bai tashi ba kuwa har aka gama, kuma da na ce ya miƙo mini ruwa, idonsa na kan talabijin ya miƙo. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mutum ya ce abu rainin hankali ne, sannan ya ba shi awa biyu na rayuwarsa ba tare da an ɗaure shi ba.

Matsayina shi ne: James Bond tatsuniya ce, kuma da ma'aunin tatsuniya ya kamata a auna shi. Maimaicin da ake zarginsa da shi, shi ne jarinsa. Duk lokacin da masu shirya shi suka ji kunyar zamansa tatsuniya, suka nemi mayar da shi labarin gaske mai ban tausayi, nan ne daɗinsa ke raguwa. Akwai abubuwan ƙi a cikinsa, wasu ma manya, zan zo kansu, amma "ƙarya ce" ba ta cikinsu.

Wa ya ce maka gaskiya ce?

Kakata ba ta taɓa rufe tatsuniya ba sai ta ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wato ita mai labarin da bakinta ta gaya maka abin da ka saurara. Ba a taɓa samun yaron da ya miƙe ya ce ai gizo-gizo ba ya magana, balle ya auri Ƙoƙi. Tun daga "ga ta nan ga ta nanku" an ƙulla yarjejeniya.

Bond ma yana da tasa "ga ta nan ga ta nanku". Wani farin da'ira ya ratsa baƙin allo, mutum cikin kwat ya taho a tsakiyar bakin bindiga, ya juyo ya harba, jini ya gangaro, kiɗan nan na jita ya tashi. Wanda ya ga wannan ya ci gaba da zama, ya riga ya ce "ta zo mu ji ta."

Mutanen da suka san aikin leƙen asiri sun daɗe da faɗin cewa Bond ba ya kama da su. John le Carré, wanda ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya kafin ya zama marubuci, ya taɓa kwatanta Bond da ɗan dabar ƙasa da ƙasa da aka ba lasisin kisa. Shi le Carré jarumin littattafansa wani dattijo ne mai tumbi da tabarau, wanda matarsa ke cin amanarsa, aikinsa karanta fayil. A 2016 Alex Younger, shugaban MI6 na lokacin, wato hukumar leƙen asirin waje ta Birtaniya, ya ce mutum irin Bond ba zai tsallake tantancewar ɗaukar aiki a wurinsu ba. Ai kuwa. Wane irin ɗan leƙen asiri ne zai shiga gidan caca a baƙuwar ƙasa ya faɗi sunansa na gaskiya, har sau biyu, a hankali, don kada wani ya kasa ji?

Shi kansa sunan aro ne. Ian Fleming, tsohon jami'in leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fitar da littafin farko a 1953, ya ɗauko sunan ne daga bangon wani littafi kan tsuntsayen yankin Karibiyan da wani Ba'amurke masanin tsuntsaye ya rubuta. Yana neman suna maras armashi, ya ga James Bond, ya ce shi ke nan.

Abin da ɗan ƙanwata bai sani ba, kuma da na gaya masa ya yi shiru, shi ne cewa a cikin wannan ƙaryar akwai gaskiyar da finafinan yanzu da yawa ba su da ita. A farkon fim ɗin da muke kallo, Bond yana zamiya a kan dusar ƙanƙara, ana bin sa da harbi, sai ya zarce ta bakin wani dutse ya faɗa sarari. Kiɗa ya ɗauke. Yana ta faɗuwa, yana ta faɗuwa, sannan laimar sauka ta buɗe da tutar Ingila. Mutum ne na gaske ya yi wannan tsallen, sunansa Rick Sylvester, daga kan dutsen Asgard a tsibirin Baffin na Kanada. Babu kwamfuta a ciki.

A fim na 1973 akwai wurin da Bond ya tsere ta hanyar taka bayan kadoji a guje. Kadojin na gaske ne, kuma mai gonar kadojin a Jamaika, Ross Kananga, shi ya sa kayan Bond ya taka su, sai a karo na biyar ya tsallake lafiya. Masu fim ɗin suka saka masa da raɗa wa bos ɗin fim sunansa. A na 1974 mota ta tashi daga karyayyar gada a Tailan, ta yi juyi cikakke a iska kamar an murɗa igiya, ta sauka a ɗaya gaɓar da ƙafafunta, ɗauka ɗaya tak. A GoldenEye na 1995 wani ya diro daga saman madatsar ruwa mai tsayin mita 220 a Suwizalan da igiyar roba a ƙafa. A Casino Royale na 2006 mota ta yi adungure sau bakwai da direba a ciki, har ta shiga kundin Guinness.

Labarin ƙarya ne, tsallen gaskiya ne. Jikin mai kallo yana gane bambancin ko da bai san tarihin ba. Shi ya sa Die Another Day na 2002, mai motar da ke ɓacewa da Bond na kwamfuta yana hawa igiyar ruwa, ya ba mutane haushi, alhali motar ƙarƙashin ruwa ta 1977 ba ta ba su ba. Ta 1977 an ƙera ta, an tsoma ta cikin teku da masu ninkaya a ciki.

Fim ashirin da biyar, labari ɗaya

Wannan zargin ban musa ba. Kowa ya san tsarin. Bond ya gama wani aiki a buɗewar fim. Waƙa. Ya je ofis, ya tsokani sakatariya, shugabansa M ya ba shi sabon aiki cikin ɗaure fuska. Q, mai ƙera masa kayan aiki, ya ba shi agogo ko alƙalami mai abin mamaki, ya roƙe shi ya dawo da kayan lafiya, kowa ya san ba zai dawo da su ba. Ya hau jirgi. Ya haɗu da bos a wurin cin abinci ko teburin karta, su yi wa juna baƙar magana cikin ladabi. A kama shi. Bos, maimakon ya harbe shi nan take, ya tsaya yi masa bayanin duk shirinsa. Bond ya kuɓuce. Maɓoyar bos ta tashi da wuta.

To, sai me? Wanda ke zuwa dambe ya san za a yi kiɗa, a yi kirari, a yi zagaye, a ɗaure hannu, a gwabza, wani ya faɗi. Tun zamanin Shago haka ake yi. Ba a taɓa jin ɗan kallo ya nemi a mayar masa da kuɗin ƙofa don yau ma naushi aka yi ba. Abin da ya kai shi shi ne yadda za a yi na yau: wa zai fara kai hannu, ta ina, a turmi na nawa. Haka tashe: kowace shekara wasannin nan ne dai, amma yara na fitowa, manya na leƙowa.

Saboda ka san tsarin ne ma ƙaramin sauyi ke yi maka daɗi. Shekara arba'in ana jin Bond yana faɗin yadda yake so a haɗa masa abin shansa. A 2006, bayan ya yi asarar kuɗi a caca, mai sayarwa ya tambaye shi yadda yake so, sai ya daka masa tsawa cewa bai damu ba. Wanda bai san finafinan baya ba, ba abin da zai ji. Wanda ya san su, wannan jimla ɗaya ta gaya masa cewa an kawo sabon mutum.

Kuma labarin ba ɗaya ba ne sarai. Ƙashin ne ɗaya, naman yana sauyawa da abin da duniya ke tsoro a lokacin. A shekarun 1960, makaman nukiliya da yaƙin cacar baka. A 1974, ana tsakiyar matsalar man fetur, rigimar fim ɗin a kan na'urar tara hasken rana ce. Star Wars ya yi kasuwa a 1977, sai ga Bond a sararin samaniya a 1979, babu ko kunya. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe aka yi zaton ya ƙare, shekara shida ba a fitar da fim ba, sai ya dawo a 1995 da tsofaffin makaman Rasha da suka faɗa hannun ɓarayi. A 1997 bos ɗin mai gidajen jarida da talabijin ne da ke son haddasa yaƙi don ya samu labari. A 1999, bututun mai daga Azarbaijan. A 2008, kamfanin da ke son mallake ruwan Bolibiya, ƙasar da a shekarar 2000 mutanen birnin Cochabamba suka yi bore na gaske kan sayar da ruwan shansu ga 'yan kasuwa. A 2012, mai kutsen kwamfuta. Idan ka jera su ka kalla, ka kalli tarihin fargabar Turawa na shekara sittin.

Mutum shida suka sa kwat ɗin: Sean Connery, George Lazenby, Roger Moore, Timothy Dalton, Pierce Brosnan, Daniel Craig. Ba a taɓa tsayawa yi wa kowa bayanin yadda fuska ta sauya ba, sai ɗan barkwanci guda da Lazenby ya yi a 1969. Mu da muka saba da sarauta ba mu ga abin mamaki a nan ba. Galadima ya rasu, an naɗa Galadima.

Farfagandar Ingila

Nan ne maganar ta yi nauyi, kuma nan ne na fi ba masu suka gaskiya.

Dubi lokacin da aka haife shi. A 1956 Birtaniya ta sha kunya a rikicin mashigin Suwez, lokacin da Amurka ta tilasta mata janyewa daga Masar. Ghana ta samu 'yanci a 1957, Najeriya a 1960. Jamaika, inda Fleming ke da gida yake rubuta littattafansa, ta samu nata a watan Agustan 1962, wata biyu kafin fitowar fim na farko, Dr. No, wanda a can Jamaikan aka ɗauke shi, da gidan gwamna da Turawan mulki suna shan iska a kulob. A 1963 Kim Philby, babban jami'in MI6 da ya shekara da shekaru yana yi wa Rasha aiki, ya gudu Mosko. Wato a daidai lokacin da daular ke zubewa kamar ginin ƙasa a damina, hukumar leƙen asirinta kuma ta zama rariya, sai ga wani Bature a majigi yana ceton duniya shi kaɗai, ɗan CIA yana riƙe masa jaka.

Bond maganin zafin rai ne ga ƙasar da ta rasa mulkin duniya. Ingila ma ba ta ɓoye ba. A bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, Sarauniya Elizabeth da kanta ta fito a ɗan gajeren fim tare da Daniel Craig, ya zo fada ya ɗauke ta zuwa jirgi mai saukar ungulu.

Yadda ake nuna irinmu a tsofaffin finafinan kuwa, ba ya kallo ba tare da an yi tsaki ba. A Dr. No akwai Quarrel, baƙin masunci mai ƙarfi da sanin teku, wanda aka mayar matsoraci mai imani da dodo. Akwai wurin da Bond ya umarce shi ya ɗauko masa takalma. Daga baya aka ƙone shi, fim ya ci gaba. Live and Let Die na 1973 kusan duk miyagunsa baƙaƙe ne, da bori da macizai da ƙwaya. A 1967 an yi wa Connery kwalliyar ido da gashi wai ya zama Bajapane. Ko a 2006 da aka ce an waye, Afirka ta fito ne a matsayin sansanin 'yan tawaye cikin taɓo a Uganda da filin da ake caca kan faɗan maciji a Madagaska. Wani abin dariyar kuma, a fim na 1987 mujahidan Afganistan su ne abokan Bond, jarumai a kan dawakai, saboda a lokacin Rasha suke yaƙa. Bayan shekara goma sha huɗu sai labari ya sha bamban.

Duk na yarda. Inda na rabu da masu sukar shi ne zaton da suke yi cewa mai kallo tulu ne, abin da aka zuba masa shi zai riƙe. Mutanen da suka cika silimun Kano irin su Plaza da Orion da Eldorado, suna ihu idan akta ya naushi bos, ba su fito suna rokon Turawa su dawo mulki ba. Sun ɗauki abin da suke so, wato kwat, mota, ƙarfin hali, iya magana a gaban barazana, suka bar sauran a kujera. A ƙarshen shekarun 1960 ma har namu aka yi: mujallar hotuna ta African Film, mai jarumi Lance Spearman, baƙin mutum mai kwat da hula da sigari, wanda ake sayarwa daga Legas har Nairobi. Indiyawa suka yi nasu, da Jeetendra da Mithun Chakraborty, har zuwa finafinan Tiger na Salman Khan, da rawa da waƙa a tsakiyar harbi. Tsarin ya fi ƙarfin mai shi.

Wani abin da ke ba ni nishaɗi: kiɗan nan da ya zama kamar taken Ingila na biyu, Monty Norman ya ciro shi ne daga wata waƙa da ya rubuta tun farko don wasan kwaikwayo kan Indiyawan Tirinidad, mai salon kiɗan Indiya. John Barry ya sake masa kaya da jita da ƙahoni. Watakila shi ya sa kunnen Bahaushe, da ya tashi da waƙar Indiya, bai taɓa jin sa baƙo ba.

Mata da giya

Wannan ba na kare shi, kuma ba zan yi kamar ƙaramin abu ba ne. Bond mashayi ne, mazinaci, ɗan caca. A 2013 wasu likitocin Ingila suka bi littattafan Fleming suna ƙirga abin da yake sha, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa ya ninka iyakar da ake ba namiji shawara fiye da sau huɗu. Mai irin wannan shan, hannunsa rawa zai riƙa yi, ba ya harbi ya samu.

Mata kuwa, a yawancin tsofaffin finafinan, kayan ado ne: ta farko a kashe ta a tsakiyar fim don ransa ya ɓaci, ta biyu a rufe fim da ita. Akwai wuraren da mace ta ce a'a ƙarara, Bond na Connery ya ƙi ji, kiɗan soyayya ya tashi. Cary Fukunaga, daraktan fim na 2021, da kansa ya kira abin da sunansa, ya ce fyaɗe ne. Roger Moore yana da shekara 57 a fim ɗinsa na ƙarshe a 1985, yana soyayya da sa'ar 'yarsa. A 1995 masu fim ɗin suka sa Judi Dench ta zama M, ta zaunar da shi ta gaya masa a fuska cewa shi tsohon yayi ne mai raina mata, ragowar yaƙin cacar baka. Sun amsa laifin, sannan suka ci gaba da aikata rabinsa.

Ni dai ba na kunna shi a gaban ƙananan yara, kuma rimot na kusa da hannuna. Wanda ya ce saboda wannan ba zai kalla ba sam, hujjarsa ta fi ta mai cewa "ƙarya ce" ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ni da abin ce masa sai Allah ya ƙara tsarewa. Abin da kawai ba na so shi ne mutum ya la'anci Bond da rana, da dare ya kwana kan finafinai masu dogon zango da suka ninka shi batsa a wayarsa.

Talla ma akwai. Agogon Omega tun 1995, motocin BMW a zamanin Brosnan, Aston Martin tun 1964. A 2006 har an rubuta wa jarumar layin da za ta tambaye shi sunan agogonsa. Wannan bai dame ni sosai ba. Mawaƙinmu ma yana tsayawa tsakiyar waƙa ya ambaci wanda ya ba shi mota.

Inda suka ɓata rawarsu da tsalle

Ɗan ƙanwata ya ce shi na Daniel Craig kawai yake iya kallo, don su ne "masu ma'ana". A nan ne muka fi daɗewa muna ja.

Casino Royale fim ne mai kyau ƙwarai, watakila mafi kyau a cikinsu duka. Bayan finafinan Jason Bourne sun fara fitowa a 2002, da faɗa mai zafi da jarumi mai jin ciwo, dole Bond ya sauya ko ya mutu. Aka kawo mutumin da ke zubar da jini, yake kuskure, ya so mace da gaske ta ci amanarsa ta mutu. Skyfall na 2012 ya tara sama da dala biliyan 1, ya fi kowane Bond kuɗi, kuma ya cancanta.

Matsalar ita ce ba su san inda za su tsaya ba. Da aka ga baƙin ciki ya yi kasuwa, sai aka mayar da shi sana'a. Kowane fim Bond ya yi ritaya, ko an kore shi, ko yana jimamin wadda ta mutu tun 2006. A Spectre na 2015 aka kai abin maƙura: babban bos Blofeld, shugaban ƙungiyar da ke juya duniya, wai ashe ɗan gidan da aka riƙe Bond ne yana maraya, kuma duk ta'asar da ya yi saboda haushin babansa ya fi son ɗan riƙo. Haba jama'a. Mun baro rikicin 'yan ubanci a finafinan gida, mun zo kallon mai son cinye duniya, sai a sake kawo mana kishin tsakar gida da kuɗin Turawa.

Sannan No Time to Die, 2021, awa 2 da minti 43. Bond yana da 'ya. Yana yanka mata tuffa a kicin. A ƙarshe ya tsaya kan tsibiri, makamai masu linzami na ƙasarsa suka sauko masa, ya mutu.

Na san mutane da yawa sun yi hawaye. Ni haushi na ji. Dokar farko da kowane yaro ya koya a gidan kallo ita ce akta ba ya mutuwa. Dokar ba ta wauta ba ce: ita ce ke ba ka damar jin daɗin haɗarin. Idan aka ɗaure Bond a tebur, wuta na matsowa za ta raba shi biyu, ba tambayar "zai mutu?" ke riƙe ka ba, tambayar "ta yaya zai fita?" ce. Wasan basira ne tsakaninka da marubucin. Ranar da marubucin ya ce ba zai fita ba, ya ajiye wasan ne ya tafi, kamar mai ba da tatsuniyar da ya ce kura ta cinye Gizo, a kwana lafiya. Kuma bayan duk wannan jana'izar, rubutun ƙarshe ya fito kamar kullum cewa James Bond zai dawo. To kukan na mene ne?

Mission: Impossible na Tom Cruise, wanda aka fara a 1996, ya riƙe wannan darasin fiye da Bond na baya-bayan nan, aƙalla na wani lokaci. Mutumin ya manne a jikin Burj Khalifa na Dubai a 2011, ya rataya a ƙofar jirgin sama yana tashi a 2015, ya karya idon sawu yana tsallaka rufin gini a Landan, aka bar ɗaukar a cikin fim. Babu mai tuna labarin waɗannan finafinan, kowa na tuna tsallen. Sai dai shi nasa a jikin mutum ɗaya yake, mutumin kuma ya haura sittin. Ba a naɗa sabon Tom Cruise.

Sabon mai gida

Daga 1962 zuwa 2025 gida ɗaya ne ya riƙe Bond: Albert Broccoli da abokinsa Harry Saltzman suka fara, da fim ɗin da aka kashe wa wajen dala miliyan 1, sannan 'yar Albert ɗin, Barbara Broccoli, da agolansa Michael G. Wilson suka gada. Sun yi kurakurai, amma suna da hali guda mai kyau: rowa. Galibi ba sa fitar da shi sai bayan shekara biyu, uku, wani lokaci shida. Ba su yarda an yanka shi gunduwa-gunduwa ana sayarwa ba.

Amazon ya sayi kamfanin finafinai na MGM a 2022 kan kusan dala biliyan 8 da rabi, a Fabrairun 2025 kuma iyalan Broccoli suka miƙa masa ikon yanke shawara kan Bond. An ba Denis Villeneuve, wanda ya yi Dune, aikin darakta. Gwani ne, ba musu, amma ban taɓa ganin fim ɗinsa da ya sa ni dariya ba, kuma Bond da babu murmushin mugunta a gefen baki, ɗan sanda ne kawai mai tsadar tela.

Tsorona biyu ne. Na farko, a ci gaba da makokin da Craig ya bari. Na biyu ya fi: kamfanin da ke da manhajar kallo yana bukatar kaya kullum. Sai ka ji an yi wa Q nasa shirin, an yi wa sakatariya nata, an yi na ƙuruciyar M, har mutum ya ƙoshi kafin babban fim ya zo. Tuwon sallah da ake ci kowace Talata ya zama tuwo kawai.

Da muka gama fim ɗin a daren nan, ɗan ƙanwata ya miƙe yana miƙa, ya ce har yanzu yana kan bakansa. Ya kai ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, sai ya juyo.

"Kawu, wannan mai haƙoran ƙarfen da ya ciji kifin shak, ya sake fitowa a wani?"

Na ce ya fito a na 1979, har sararin samaniya ya je, har budurwa ya yi. Ya ce wannan kuma ƙaryar ta yi yawa. Ya tambaye ni ko ina da shi a filas.